Tiyon da Malam Sani Ya Ɗauka

Lahadi da dare, tsakiyar rani.

Na gode wa Ubangiji da ban kwana da kunyar yau ba.

Da safe ina hanyar coci na hango Malam Sani, maƙwabcin gonata, ɗauke da tiyona biyu na ban ruwa. Ban tambaye shi komai ba, na ce masa ɓarawo a gaban masu dashen tumatir. Ya ci gaba da tafiyarsa.

Da aka zo ba da baiko a coci sai hannuna ya yi nauyi. Yesu ya koya mana a fara shiryawa da ɗan'uwa kafin a miƙa. Na fita, na hau keke sai gona, amma har lokacin gani nake ni aka yi wa laifi.

Na tarar da shi tsamo-tsamo cikin fangalin albasata, yana ba ta ruwa da tiyona. Ya ce, "Malam Bitrus, yau aka sako ruwa daga madatsa, ka kuwa san ba ya jiran a tashi daga coci."

Na roƙi gafara. Ya ce, "Ya wuce. Ranar Juma'a in na tafi masallaci ka duba min tumatir."

Zan duba. Nasa zan fara ba ruwa.