Robar da na yanko ma Lawali

Daren Laraba, tsakiyar damina, garin Isa.

Har yanzu ƙanena Lawali bai iso ba, wayarshi kuma a kashe.

Tun da 'yan bindiga sunka tare babbar hanya muke bi ta daji da motocinmu, kullum sai mun ratsa gulbi. In ƙarfe ya ɗau zafi ya faɗa ruwan sanyi, aksul da akwatin giyar mota sai su zuƙi ruwa ta 'yar kafar da suke numfashi. Shi ya sa na sa bakanike ya jona ma tawa motar doguwar roba a kafar, ya ja ta sama inda ruwa ba ya kai. Na ce, "Lawali, kawo taka a yi." Ya ce, "Yaya, bari kasuwar Bafarawa ta tashi." Taurin kan tsiya!

Da la'asar wani ɗan kabu-kabu ya ga motarshi hayin gulbi. Man aksul ya koma fari kamar kindirmo, yana ɗiga. Ƙofofi a buɗe, geron da ya ɗauko na nan, ba kowa.

Inna ta tambaye ni, na ce mota ce ta lalace. Ban yi ƙarya ba.

Da asuba za ni gulbi. Robar da na yanko mashi tana nan rataye a ƙusa, na kasa kallonta.