A Maido wa Hadiza Aikinta a Filin Kokowar Magariya

Zuwa ga Mushe, mai girma shugaban masu ɗaukar wasanni a telebijo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Kafin in faɗi kukana, cinko mini wannan kacici-kacici: wa ke riga kowa shiga filin kokowa, bai taɓa ka da kowa ba, kuma babu layar da ta taɓa karyewa saboda shi? Ka riƙe, ina zuwa.

Na ɗaya. Hadiza jikata ce, kurciya mai ƙafar zabo. Tun tana lakwal, wato makarantar boko, a Dungas take tsere wa maza a gudu, ta ciyo wa Damagaram lambobi. Da gwiwarta ta samu rauni kuka ɗauke ta aiki, ta yi ta dakon kamara har ku da kanku kuka naɗa ta shef, shugabar masu ɗaukar hoto. Ban roƙa mata ba.

Na biyu. Bana bayan girbi kuka turo ta Magariya ɗaukar kokowa. Na yi lalle, na gayyato rabin Guci. Sai masu ɗaura wa 'yan kokowa guru suka ce ƙafar mace na karya asiri. Kai kuma, ranka ya daɗe, ka ji tsoronsu, ka miƙa aikin ga mataimakinta, ita aka bar ta bayan igiya tana gadin akwati. Hoton da ya ɗauko mun gani: ƙafafu da ƙura. Har yau a Guci ana gardamar wa ya faɗi.

Asirin da takun yarinya ke karyawa, a bar ɗaura shi, nauyi ne kawai.

Roƙona: a maido mata shugabancinta kafin kokowa mai zuwa, ta tsaya a tsakiyar fili, a kuma faɗa a gaban mutanen da aka kunyata ta a idonsu. In ba haka ba, mu matan Guci da na Magariya mun gama shawara: tsintsiya da tulu za su kwana a ɗaki, ƙattan su kama juna kan ƙaya.

Allah Ya ƙara maka girma, Ya ɗan ƙaro maka zuciya.

Amsar kacici-kacicin kuwa mu ne, tsoffin da ke share filin da asuba muna yayyafa masa ruwa, ƙafa ba takalmi.

Wassalam.
Kaka Indo, Guci.