Rumbun biro ya cika, kada a zubar da Baraka

Zuwa ga Mai Girma Darakta na wannan proje,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma, ina fatan ka dawo daga Yamai lafiya, ka iske iyali lafiya. Ni ne Lawali, sabon planto ɗan aikenku, mutumin Hamdara, wanda ke share biro, wato ofis, da safe. Ka yi haƙuri da rubutuna, ban yi lakwal ta boko ba, a yaƙi da jahilci na koyi ɗan abin da na koya. Na liƙa takardar nan a allon bakin ƙofa ne don duk sadda na zo ganinka sai a ce kana misiyo, wato tafiyar aiki, ko kana da baƙi.

Na ɗaya. Bara, da fari ya yi tsanani, motar projen nan ta zo garinmu ana auna hannun yara masu tamowa. Madam Fanna, sakatariyarku, ita ke ɗaukar foto. Ta ɗauki ƙanwata Baraka a bayan Inna. Baraka ba ta kai kaka ba, Allah ya karɓi abinsa. Mu ba mu taɓa yin foto a gidanmu ba. Da gero ya ƙare mana sai na taho birni wurin kawuna a Kara-Kara, shi ya samo mini aikin nan.

Wata rana ina goge tebur, Madam ta ji na ce Hamdara. Sai ta taɓa ordinatarta, wato kwamfuta, sai ga Baraka. Wallahi ranka ya daɗe sai da na zauna a ƙasa. Ga ta tana dariya, ta kama kallabin Inna ta sa a baki. Madam ta ce ba a sa ta cikin rapor ɗin da aka aika wa Turawa ba, don tana dariya, ba ta yi kama da mai yunwa ba. Masu kuka aka zaɓa. Ke nan babu ita ko'ina a duniya sai cikin wannan injin. Madam ta ce za ta fitar mini a takarda in an kawo tawada. Kafin tawada ta zo aka canja mata ordinata.

Na biyu. Tsofaffin ordinata guda uku da za a zubar, ka sa Malam Kyari mai gyara ya haɗa su. Ya kwashe cikin biyu ya sa a ɗaya, ya ja mata waya zuwa kowane tebur, ya ajiye ta a magaze, ɗakin ajiyar kaya. Ba ta da fuska, ba ta da wurin taɓawa, sai ƙugi dare da rana. Na tambaye shi mene ne wannan. Ya ce in ɗauke ta kamar rumbu: kowa ya gama aiki, kashi ɗaya na tafiya can ya kwanta, ko wuta ta ci gida, hatsi na nan. Ya ce tsohon kayan Madam ma duk yana ciki.

Ban zo kushe aikin ba, dabara ce mai kyau. Ba ku sayi sabo ba, kuma da idona na gani, ranar da wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona ordinatar kwantabul mai lissafin kuɗi, yana ta salati, Malam Kyari ya ɗebo masa aikinsa daga rumbun, ko ƙwaya ba ta ɓace ba. Tun ranar nake kula da ita. Ina share gindinta, ina kore gara, ina buɗe mata taga in rana ta yi zafi. Ba wanda ya sa ni. Na san wa ke ciki.

Na uku, shi ne kukana. Ranar Alhamis na ji Malam Kyari na gaya wa kwantabul rumbu ya cika, ƙarshen watan nan za a share tsofaffin foto na bara a samu wurin rapor na bana. Ranka ya daɗe, ni ban gane ba. A duk Damagaram bana ban ji wani rumbu ya cika ba sai naku, kuma shi ne za a zubar da na ciki?

Na roƙi Malam Kyari, ya ce wurin foto a kulle yake, kai kaɗai ke da kalmar buɗewa. Na roƙi Madam, ta ce ita yanzu ba hannunta. Na roƙi kwantabul, ya yi dariya, ya ce foton mamaci ba aikin proje ba ne, in je in ɗauko shayi. Ban yi fushi da Malam Kyari ba. Mu ma a gida maigida kaɗai ke buɗe rumbu, yaro ba ya hawa. Shi ya sa na zo gare ka. Amma mu in za a share rumbu, sai an kira mutanen gida kowa ya duba, ko tsohuwa ta ɓoye 'yar ƙwaryarta a ciki.

Kuma ba ni kaɗai ba ne. Yaran Hamdara da na Dogo da yawa aka ɗauka, wasu ba su nan yanzu. Ba uwar da aka ba ko ɗaya.

Roƙona shi ne ka dakatar da sharar nan. Ka buɗe, a fitar mini da Baraka a takarda, ko ƙarama ce. In da hali a fitar da na sauran, ni zan kai su gari gari ranar kasuwa, na san gidajen.

Na riga na gaya wa Inna na ga Baraka. Tun lokacin duk wanda ya zo daga gida, saƙonta ɗaya ne: yaushe zan kawo mata yarinyar? Ta ce fuskar ta fara ɓace mata, in ta rufe ido sai ta ga hannun kawai, ba ta ganin dariyar.

Allah ya ƙara maka girma, ya raya maka naka, ya ba mu damina mai albarka. Gobe da safe ina magaze da tsintsiya, kusa da ita, in ka neme ni.

Wassalam.

Lawali, planto.