Gida Ɗaya a Tsakiyar Masara

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya aikin tarakta? Na yi ta neman wayarka ba ta shiga, aka ce gonar taku babu sabis, shi ya sa na ba direban motar taki wannan takarda.

Maganar Inna ce. Likita ya ce idonta na hagu ya tafi, na daman ma saura kaɗan. Tun da ta ji haka ta kafa mini rigima a kan abu ɗaya: sai na kai ta gida ta ga filin ciyawa kafin ganin ya ƙare. In na dawo daga shagon ɗinki sai in tarar da ita a bakin taga, tana fuskantar katangar maƙwabta, tana ba da labarin gambar da ke shanye mutum don tsawo, da yadda iska ke kwantar da ita tana tashi. Ni na gaji da cewa sai wata mai zuwa.

Kai kake can. Ka gaya mini gaskiya, in kawo ta?

Ka huta lafiya.
Yayarka

*

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Na ga takarda, na gode. Ki gaishe da Inna, ki ce mata autanta ya yi tumbi. Ƙarya ce, amma za ta ji daɗi.

Kada ki kawo ta. Wace ciyawa za ta gani? Yaya, rabonki da nan ya yi nisa. Daga rijiyar burtsatse har gindin dutse masara ce, layi-layi, duk tsawonsu ɗaya. Kamfani ya saye ko'ina. Tafkin da muke kama kwaɗi an cike shi. Kin san aikina, da safe in hau tarakta in kifar da ƙasa, da yamma in sauka. Shekarun farko zomaye ke tsere a gaban garma, balbelu na bina a baya. Yanzu ba mai gudu, ba mai bi. In an yi feshi ko fara ba ki gani.

Maƙwabta duk sun sayar sun tashi. Mai wanzanci shi ne na ƙarshe, har ƙofar gidansa ya cire ya tafi da ita. Gidanmu kaɗai ya rage, waya ta kewaye shi ta kowane gefe, sai 'yar hanyar da nake bi.

Filin da ke cikin kanta ya fi wannan kyau. Ki bar mata shi.

Ni lafiyata ƙalau, kada ki damu da ni.
Auta

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Na karanta wa Inna wasiƙarka, na tsallake abin da ya kamata in tsallake. Da na gama ta ce, "Takardar ta fi haka tsawo, na ji ƙarar juya ta. Karanto sauran." Na karanta. Sai ta ce in sauko mata da jakarta.

Muna tafe ranar da motar taki za ta dawo. Ka share ɗakinta, ka duba rufin.

Yayarka

*

Auta,

Assalamu alaikum. Na iso lafiya, sai dai ciwon baya na zaman mota.

Na san ka ga fushi a fuskata da muka rabu, har ban ɗaga maka hannu ba. Ba da kai nake ba. Bari in gaya maka abin da ya faru kana wajen aiki. Ina haɗa kayanmu, Inna ta dafa hannuna ta ce in fitar da nata. Na ce, "Inna, kin dai gani da idonki, babu komai a nan. Can ga asibiti kusa, ga wuta, ga ruwa." Ta ce, "Na gani. Ke ce ba ki gani ba."

Sai ta fara lissafo mini. Wai kofi ɗaya ne a gidan, cokali ɗaya. Wai a tsaye kake cin abinci, a bakin tukunya. Wai in ka shigo kana yi wa rediyo sallama, kuma in an yi maka magana sai ka daɗe kafin ka amsa, kamar wanda ya manta yadda ake yi. Ta ce, "Ciyawa na zo nema, na tarar da ɗana yana bushewa. Ke kina da mutane a shago."

Auta, shekara nawa ina wanke ta, ina kai ta asibiti, amma ko juyowa ba ta yi ba da mota ta tashi. Na san ba ta ganin nesa. Duk da haka ya yi mini ciwo. Kai kuma da kake rubuta mini lafiyarka ƙalau, Allah ya shirye ka.

Maganin idon sau uku ne, kada ka bari ta ce maka ta riga ta ɗiga.

Yayarka

*

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Inna na gaishe ki. Kuma ta juyo. Motar na shan kwana ta tambaye ni ta wane gefe kuka bi, na juya ta, ta tsaya a wurin har ƙurar ta kwanta.

Akwai abin da ban gaya miki ba. Washegarin zuwanku, kina barcin gajiya, ta ce in fita da ita. Na riƙe hannunta muka bi gefen waya. Ta tsaya ta kasa kunne, ta daɗe, ta ce, "Ina fakara?" Na ce babu. "Gauraka fa?" Na ce babu. Ta shafa ganyen masara ta ce, "To, mutane za su ci, ba laifi. Amma da sun bar wa Allah ko gefe ɗaya." Ba ta yi kuka ba. Ni ne na yi, na ce mata maganin feshi ne ya shiga idona.

Yanzu ta saka ni aiki. Ta ce in duba ƙarƙashin gadar titi, inda garma ba ta kaiwa. Na je, na sami gamba tushe uku da ɗan tsaure. Na haƙo su da ƙasarsu, muka dasa a jikin katanga ta ciki. Kullum sai ta shafa su ta gaya mini ko sun sha ruwa. Manaja ya leƙo ya gani, ya ce iri zai tashi ya shiga gona, in cire. Kafin in buɗe baki Inna ta ce, "Yaro, wannan katangar ta kamfani ce?" Ya ce a'a. Ta ce, "To, sannu da zuwa." Ya juya ya tafi, amma ranar feshi sai na kifa wa ciyawar durom don kada magani ya taɓa ta.

Na sayo wa Inna kofi, na uku ma na saya, naki ne. Yaya, ga ɗakin Baba nan a rufe. Ma'aikatan gona kullum kayansu a yage, ba mai ɗinke musu. Ki ɗauko keken ɗinkinki ki zo. Inna ba ta ce in faɗa ba, amma da yamma in ta ji ƙarar mota sai ta gyara zama.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa gare ka da Inna. Ba zan iya tasowa ba. Shagon nan da ƙyar na kafa shi, in na saki ban san me zan kama ba. Wataƙila bayan girbi in leƙo.

Ga bargo nan na ba direba, da maganin wata biyu. Jiya na dafa shinkafa ta mutum biyu, sai da na zuba a kwano na tuna.

Ka riƙa rubutowa, ko da babu labari.

Yayarka