A Bar Wa 'Yar Lele Katakonta

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya hawan jinin Antinmu? Allah ya ƙara sauƙi.

Na gode da aikin da yaran aikinka suka yi mana a gidanka da muke ciki. Sun sa roba a ƙafafun keken ɗinkina, sun shimfiɗa wata mai kauri a kan katakon bene, har matakalar ƙarfen nan sun naɗe mata ƙafa kamar mai ciwo. Na fahimci bayaninka, injiniya: sauti ba a iska kaɗai yake tafiya ba, yana shiga katako da ƙarfe ya zama girgiza, roba kuma ta shanye shi. Ma'aikacin jinyar da ke haya a ƙasanmu yanzu yana samun barcinsa na rana, har godiya ya hawo ya yi.

Sai dai 'yata, 'Yar Lele, ta canza. Ka san tun haihuwarta ba ta ji. Kwanakin nan ko na buga ƙafa ba ta waiwayowa, abinci ma sai na yi da gaske. Ina sa mata ido.

Taka, Auta.

Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ba zan ɓoye maka ba, na cire robar nan duka, da wuƙar kicin da hannuna.

Shekaranjiya da hantsi ina ɗinki a ɗakin baya, 'Yar Lele ta farka ta ɗora ƙafa a ƙasa, ta ji shiru. Da, ta tafin ƙafa take sanin keke na aiki, ta san ina nan. Sai ta ɗauka mun tafi mun bar ta. Ta sauka ba takalmi, ta bi titi tana nemanmu. Mai facin taya ne ya fizgo ta daga gaban mota, direban yana ta danna mata hon. Da mai facin ya kawo ta, ta tambaye ni da hannu me ya sa gidan ya mutu. Wallahi Yaya, kuka na yi har kaina ya yi ciwo.

Na ga saƙonka cewa za ka manna na'ura a jikin ƙofa, in an ƙwanƙwasa ta ji girgizar ta kunna fitila. Ka kawo, ba na ƙi. Amma fitila za ta ce mata an zo ne kawai. Katako yana gaya mata wanda ya zo. Ta san babanta da takunsa mai nauyi, ta san ni da saurina, ta san in na buga sau biyu kira ne, in na yi ta bugawa faɗa ne.

Na sauka na ba maƙwabcin haƙuri, na yi masa alkawarin ba zan taka keke ba sai ya tashi. Bai ji daɗi ba, ya ce zai kai maka ƙara. To ya kai. Gida naka ne, ban musa ba, kuma ka riƙe ni tun rasuwar Baba. In ka ce mu tashi, za mu tashi. Amma muddin muna ciki, ba wanda zai sake toshe wa 'yata kunnen da Allah ya bar mata.

Ƙanwarka mai taurin kai, Auta.

Yayana,

Ina gaisuwa, ina gaida Anti da yara.

Ashe jiya ka zo ina kasuwa, da jakar kayan aikinka, za ka mayar da robar da kanka. Baban 'Yar Lele ya ce ko ƙwanƙwasawa ba ka yi ba ta buɗe maka, ta rungume ka. Ya ce ka daɗe a tsaye a bakin ƙofa, ka sha ruwa, ka juya da jakarka a rufe. Ban san abin da ka yanke ba, kuma ba roƙonka zan yi ba.

Ga dai saƙonta. Ta ce tun daga matakalar farko ta gane kai ne, amma takunka ya canza, kana jan ƙafar hagu, kuma sau biyu ka tsaya hutawa kafin ka iso sama. Na tambayi Anti a waya, ta ce ita ba ta lura ba. Mu masu kunne duk ba mu lura ba.

Don Allah ka je asibiti gobe, kar ka ce sai ka samu lokaci. Maganar gida ta jira. Ita dai tana son ta ci gaba da jin hawowarka.

Taka har kullum, Auta.