Hanyar da Abdulshakur Ya Bi

Ƙofar Marke, Sakkwato
6 ga Fabrairu

Zuwa ga ɗana Junaidu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lahiya, kai da iyalinka. Mu nan sai godiyar Allah.

Ni ne Mode mai hatsi, mahaifin abokinka Abdulshakur, Allah shi jiƙan shi. Na gan ka ranar jana'iza, na gan ka ranar uku, daga nan ban sake ganinka ba. Na aika ofishinku na Sama Road, anka ce an maida kai Birnin Kebbi. Shi ya sa na ba direban da ke ɗauko mini shinkafa daga can wagga takarda. Kada ka kira ni ta waya, kunnena ba ya ɗaukar magana a cikinta. Ka rubuto ka ba shi.

Shekara huɗu kuna hawan keke kowace Asabar, kai da shi, ban taɓa tambayarsa inda kuke zuwa ba. Magana ɗaya na taɓa yi masa a kai. Na ce ban ga dalilin da magidanci mai 'ya'ya biyu, mai motar kansa, zai sa hular kwano da matsattsen wando shi bi titi awa yaro ba. Ya yi dariya. Daga ranar sai ya riƙa ɗora dogon wando in zai biyo ta gidana.

Yanzu ina son in san hanyar. Abin da anka gaya mini shi ne ya faɗi a bakin ruwa wajen Wamakko, zuciyarsa ta tsaya. To, bakin ruwa wajen Wamakko da yawa yake. Ka rubuto mini inda kuke tashi, inda kuke bi, da wurin da abin ya faru, yadda ɗan kabu-kabu zai iya kai ni bisa mashin ba tare da ɓata ba.

Ka gaida mai ɗakinka.

Naka,
Malam Mode

*

Birnin Kebbi
10 ga Fabrairu

Baba,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina gaishe ku da ladabi, ina gaida Inna Mairo da sauran mutanen gida. Allah ya ƙara muku haƙuri. Ku gafarce ni da rashin zuwa, aikin nan ne ya yi yawa.

Ga hanyar kamar yadda kuka nema.

Muna haɗuwa ne a Sama Road bayan sallar asuba, a gaban wani mai shayi da ke kusa da ofishinmu. Ba ma shan komai sai mun dawo. Daga nan mu hau titin Wamakko. Kwalta ce shimfiɗaɗɗiya, babu hawa babu gangara, kuma da sassafe ba a cika samun manyan motoci ba. Kafin a shiga garin akwai wata hanyar burji a hannun dama, a gindin giginyu biyu. Ita muke bi. Za ta kai ku fadama, ta bi gefen gulbi na kimanin kilomita uku. Nan masunta ke ɗaure jiragensu, kuma nan Abdulshakur ya fi so. Yakan rage gudu ya yi ta kallon balbelu.

Daga nan za ku tarar da wata ƙaramar gadar siminti. Idan kun haye ta, hanyar za ta rabu da gulbi ta bi magudanar ruwan da manoma ke ban-ruwa da ita, miƙe sambal kilomita takwas, albasa da shinkafa hagu da dama, har ƙauyen da ake kira Tungar Gambo. A can muke juyowa. Zuwa da dawowa yakan kai kilomita hamsin, muna gida kafin ƙarfe goma.

Wurin da ya faɗi bai wuce kilomita ɗaya daga gadar ba. Akwai mangwaro guda ɗaya a bakin magudanar, da rumfar kara da injin ban-ruwa a ƙarƙashinta. Lambun wani bawan Allah ne mai suna Ɗayyabu. Shi ya nemo motar ɗaukar albasa da aka sa shi a ciki. Kafin mu isa asibiti rai ya yi halinsa.

Idan za ku je, ku je da safe. Babu inuwa a hanyar sai ta mangwaron nan.

Allah ya gafarta masa, ya ƙara muku lafiya.

Ɗanku,
Junaidu

*

Ƙofar Marke
15 ga Fabrairu

Ɗana Junaidu,

Sallama da gaisuwa. Takardarka ta iso, na gode. Kwatancenka daidai yake, ɗan kabu-kabu bai yi tambaya ko sau ɗaya ba.

Jiya Talata na tahi. Na ga giginyun, na ga jiragen masunta. Shekarata sittin da takwas cikin garin ga, ina sayen shinkafar wagga fadama tun kafin a haife ku, amma ban taɓa taka ta da ƙafata ba. Wuri ne mai kyau. Iska na bi ta saman ruwa. Na sa yaron mashin ya tsaya a gadar na ɗan jima.

Na iske Ɗayyabu yana cirar albasa. Mutum ne mai hankali, ba shi da yawan magana. Da na faɗi ko ni wane ne ya aje kwandonsa, ya shimfiɗa mini buhu a gindin mangwaron, ya nuna mini daidai wurin. Ya ce yana gyaran injinsa ya hangi mai keke yana tahe a hankali, ya sauka, ya jingine keken, ya zauna ƙasa dafe da ƙirji. Ya ce ya ba shi ruwa, ya yi masa fifita da hularsa, ya aika a nemo mota. Ya ce sun yi fiye da rabin awa tare.

Na tambaye shi, ina abokin tahiyarsa? Ya ce, "Baba, shi kaɗai na gani. Ɗayan sai daga baya ya iso, daga gabas, ta wajen Tunga, lokacin har mota ta zo."

Ni ranar jana'iza ce mini anka yi kuna tare. A takardarka ma na sake dubawa, ka faɗi inda ya faɗi, ba ka faɗi inda kake ba. Ban yanke komi ba. Tambaya nake yi, kuma kai kaɗai ke da amsa.

Ka huta lahiya.

Malam Mode

*

Ƙofar Marke
27 ga Fabrairu

Junaidu,

Sallama. Direba ya ce hannu da hannu ya ba ka takardata, kuma sau biyu ya koma ofishinku anka ce ka fita. Ranar Alhamis zai sake zuwa. Ina nan ina jira.

Mode

*

Birnin Kebbi
2 ga Maris

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku. Ina cikin ofis duka lokutan da direba ya zo. Ni na ce a ce masa na fita.

Gaskiya Ɗayyabu ya faɗa muku. Ga yadda aka yi.

Mun isa gadar wajen ƙarfe bakwai da rabi. Abdulshakur ya tsaya ya sa ƙafa a ƙasa, ya ce, "Junaidu, yau mu juya daga nan. Ƙirjina ya yi nauyi." Na ce masa tuwon jiya ne bai sauka ba. Ya yi murmushi, ya ce a'a, wannan daban ne. A lokacin akwai tseren keke da za a yi a watan Disamba, na sa sunana, kuma wannan miƙaƙƙiyar hanya ta bakin magudana a kanta nake auna gudun da nake yi. Na ce masa, "To ka biyo ni a hankali, zan jira ka a Tunga." Ya ce, "Je ka." Na duƙa na taka, ban waiwaya ba.

Na isa Tunga cikin minti goma sha shida, abin da ban taɓa yi ba. Na ji daɗi ƙwarai. Na sayi rake na zauna ina sha, ina jiran ya iso in gaya masa. Wayata tana aljihun baya, na kashe mata ƙara. Sai da na gama raken na ciro ta, na ga ya kira ni sau biyu. Na kira, ba a ɗauka ba. Da na iso mangwaron ana ɗaga shi ne za a sa a mota. Idonsa a buɗe yake, amma ban san ko ya gane ni ba.

Akwai kuma wani abu. Kimanin wata biyu kafin ranar, ya gaya mini ya je asibiti, likita ya ce jininsa ya hau sosai, zuciyarsa ma ba ta bugawa daidai. An ba shi magani, an ce ya dakata da doguwar tafiya a keke sai an sake duba shi. A ofis yake ajiye maganin, cikin durowa. Ya ce kada in gaya wa matarsa Nabila, kada in gaya muku, ba ya son hankalin gida ya tashi. Na yi masa alkawari. Asabar ɗin da ta biyo baya na je na same shi a wurin mai shayi kamar kullum, muka tafi. Saboda haka da ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, na san abin da likita ya ce, kuma duk da haka na yi masa maganar tuwo.

Ranar jana'iza wani ya ce muna tare har ƙarshe, na yi shiru. Ba a maida ni Birnin Kebbi ba, ni na roƙa. Ban sake hawa keke ba tun ranar, amma ba don ku ji tausayina na faɗi wannan ba.

Ban san abin da zan roƙe ku ba. Duk abin da kuka yanke, na karɓa.

Ɗanku,
Junaidu

*

Ƙofar Marke
8 ga Maris

Ɗana Junaidu,

Wa alaikumus salam. Na karanta takardarka sau uku. Ban nuna wa kowa ba.

Kwanansa sun ƙare ne, wanga na sani. Amma ba zan ce maka raina bai ɓaci ba. Maganar likita ta fi yi mini ciwo bisa ga ta hanya, kuma ba kai kaɗai nake jin haushi a kanta ba. Kullum yana biyowa shagona, bai ga fuskar da zai gaya mini ba.

Akwai abin da Ɗayyabu ya faɗa mini wanda na riƙe sai na ji daga gare ka. Ya ce da ya ga jikin ya yi tsanani, ya tambaye shi ko akwai wanda za a kira. Abdulshakur ya ce, "Abokina na gaba, yanzu zai dawo." Ya ce babu fushi a muryarsa. Daga nan ya yi shahada, bai ƙara magana ba.

Nabila za ta fita takaba mako mai zuwa. Har yau tana tambayar kanta mi ta kasa lura da shi. Ka zo kafin azumi ka gaya mata abin da ka gaya mini, da bakinka. Ni ba zan faɗa mata ba, amma zan zauna kusa da kai har ka gama.

Ka sanar da direba ranar da za ka taho.

Naka,
Malam Mode