Yadda Aka Binne Ɗantani a Gonar Albasa

Jega, 11 ga Fabrairu, 1913

Zuwa ga yayata Zaituna, a Lakwaja.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, tare da roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da yara. Ni jikina lafiya lau, aikin kafinta kuma yana tafiya. Amma Yaya, ki sami wuri ki zauna kafin a karanta miki sauran.

Mijinki Ɗantani ya rasu, yau kwana goma sha ɗaya. Ya iso Jega lafiya da hajarsa, ya kwana uku a wurina, sannan ya wuce wajen Aliero sayen albasa. A ƙauyen Sabiyal zazzaɓi ya kayar da shi, a zauren wani manomi, Malam Attahiru. Aka aiko mini, amma kafin in isa rai ya yi halinsa. Allah Ya ba ki haƙuri.

Akwai kuma abin da ban so ki ji a bakin wani. Shekarata uku a Jega ban taɓa gaya wa kowa ni Kirista ne ba. Ba wanda ya tsare ni, ni ne dai tsoro ya cika, kada a daina kawo mini aiki, kada a daina sa hannu a ƙwarya ɗaya da ni. Littafina Mai Tsarki yana can ƙasan akwati. A Sabiyal kuwa kowa ya san abin da Ɗantani yake bi, don sunan Yesu ya yi ta kira har ya cika. Da na isa, Malam Attahiru ya tambaye ni a gaban jama'a yadda mutanenmu suke yi wa mamaci, ina ake juya fuskarsa, wace addu'a ake karantawa. Ya ce ba ya son ya cuci baƙonsa da rashin sani. Na dubi taron, na ga mutum biyu da na sani a kasuwar Jega. Sai na ce ban san komai a kan addininsa ba, a hanya kawai muka saba. Mijin yayata, wanda ya koya mini riƙon zarto!

Malam Attahiru da kansa ya wanke shi, ya naɗe shi a sabon ƙyalle, ya haƙa masa kabari a gefen gonarsa. Aka rufe shi ba tare da addu'a ba. Ina tsaye, addu'ar tana cikin kaina tun daga farko har ƙarshe, ban buɗe baki ba.

Kwana bakwai abinci ba ya shiga. In na durƙusa sai kunya ta hana ni kiran sunan Allah. Ran Lahadi na ɗauko Littafin na koma Sabiyal, na tarar ana ban ruwa a gonar. Na gaya wa Malam Attahiru gaskiya duka, mutane suna ji. Ya ce da na faɗa a ranar, da ya sa kowa ya tsaya har in gama addu'a. Na durƙusa a bakin kabarin na karanta abin da ya kamata in karanta tun farko, na roƙi Ubangiji gafara ina kuka. Na gaskata Ya ji ni. Labari ya riga ni isa Jega, wasu sun janye, ban ga laifinsu ba.

Saura gafararki, Yaya. Ki gaishe da Inna Amariya da dukan 'yan'uwa a majami'a. Ki rungume mini Dije da Tamu. In sun tambayi wanda ya yi wa babansu sutura, ki ce Malam Attahiru na Sabiyal. In sun tambayi inda kawunsu yake a lokacin, kada ki rufa mini asiri, ki ce yana wurin.

Ni ne Jibrilla, ƙanenki, in har kin yarda in ci gaba da amsa sunan.